A Bar Kaɗan a Ƙeya

Da sassafe a Szeged
Boróka ta dawo daga iyo,
gashi ya bushe ƙamas kamar tsintsiya,
bakinsa ya soma kore-kore.

Kaka Etelka ta ja kujera gaban famfon kicin,
ta ce, "Sunkuya."

Ruwan ɗumi tukuna, har yatsu su yi yaushi.
Sai rabin lemun tsami a kofi,
tana tsiyayawa, tana tare ido da tafin hannu.
Sabulu. Ɗauraya. Ɗigon man zaitun.
Mataji ya kama daga ƙasa,
ƙulli bayan ƙulli.

"Mu kogin Tisza muke faɗawa,
laka ce, ta bushe, a kaɗe.
Kulorin ɗin nan naku
naci gare shi kamar mai bin bashi."

Murya ta fito daga ƙarƙashin tawul:
"Kaka, bar mini kaɗan a ƙeya.
In malamin lissafi ya ja zance
nakan jawo sili in sansana,
sai in ji ni cikin ruwa,
saura kamu ɗaya in taɓa bango."

Kaka ta dubi ɗaya rabin lemun,
ta mayar da shi firiji.