Matakala Goma Sha Tara

A waya muryata ta burge su.
"Fresia Ancamil? Mun ga takardunki,
lissafi tsaf, babu inda za a sa jan biro.
Ki zo Talata, ƙarfe tara."

Na goge tayoyin kekena da tsumma
yadda wasu ke goge takalmi.
Ƙanena Lautaro ya riƙe ni ta baya muka gangaro.
Valparaíso ai ba ta san shimfiɗa ba,
gidaje rataye a tudu kamar shanya,
teku a ƙasa yana warin kifi da man jirgi.

Ofishin kamfanin jiragen ruwa a saman bene yake.
Matakala goma sha tara. Na ƙirga,
ƙirga ai sana'ata ce.
Na'urar hawa ta mutu tun bara,
takardar da aka manna mata har ta koɗe.

Don Belisario ne ya sauko.
Ya miƙo hannu, idonsa ya faɗa kan tayoyi,
hannun ya rasa masauki,
ya koma gyaran wuyan riga.
Lautaro ya tambaya, ba ni ba:
"Tana jin sanyi? A kawo mata shayi?"
Mai digirin ga ta nan, yallaɓai,
sunkuyo da ido kaɗan.

Minti huɗu, a bakin ƙofa,
'yan dako na ratsa mu da kwalaye.
Ya ce banɗakinsu matsattse ne.
Ya ce in ƙasa ta girgiza, wa zai sauko da ni?
Ya ce tausayina yake ji.
Na kai tausayin nan kanti,
ko burodi ɗaya ba a ba ni da shi ba.

Wanda suka ɗauka ajinmu ɗaya,
Osvaldo, mai kirki, mai dogayen ƙafafu,
sau biyu na tsallakar da shi jarrabawa.
Ban yi fushi ba. To, na yi, na kwana uku.

Yanzu teburina yana kasuwar kifi,
tsakanin mai ƙanƙara da Doña Herminia
da ke feɗe kifi tana zagin gwamnati.
Ina rubuta wa masunta haraji da bashi,
su biya da peso,
ran da teku ya yi rowa, su biya da kifin jiya.

Wata Juma'a sai ga Osvaldo,
jaka a hammata, gumi a goshi cikin sanyin Yuli.
Kuɗin kwantena ɗari uku sun ƙi haɗuwa,
kwana biyar bai runtsa ba.
Na tura ɓawon kifi gefe, na buɗe.
Shafi na sha ɗaya: sifiri guda ya yi ɓatan dabo.
Kafin shayinsa ya huce na gama.

Tun daga ranar, duk Juma'a yana tafe.
Ya gutsuro min daga albashinsa,
ya roƙe ni kada bango ma ya ji.

Duk Litinin lambobina suna hawa benen nan,
ba haki, ba mai tallafa musu,
cikin jakar wani, da sunan wani.
An ce Don Belisario ya rantse
bai taɓa ganin littafi mai tsabta haka ba.
Ya ƙara wa Osvaldo girma,
ya saya masa sabuwar kujera mai juyawa.
"Tayoyinta biyar," in ji Osvaldo, kansa a ƙasa.

Na yi dariya har Herminia ta ajiye wuƙa.
Biyar! Tawa huɗu ce kacal.
Ashe ba taya suke ƙi ba.

Jiya na biya ta ƙofar, ba don komai ba.
Sun canza takardar na'urar,
sabuwa fil, an lulluɓe ta da leda
don kada ruwan sama ya taɓa ta.
Na sake ƙirgawa, ko na yi kuskure a wancan karon.

Ban yi ba.