Ayar da ta Tsiro a Bodi

Daren Laraba, tsakiyar Agusta,
na taso da aya buhu ɗari biyu zan kai Ɗan Isa,
Labo na gyangyaɗi a gefena.
Ko ɗigo bai sauka a Maraɗi ba,
can wajen Jibiya aka kwana ana zubawa.
A ƙoramar bayan Sumarana
Labo ya sauka ya auna, bai kai masa gwiwa ba.
Na sa giya ta ɗaya.
Muna tsakiya Gulbi ya aiko ƙanensa.

Mota ta yi tari ɗaya, ta yi shiru.
Na murɗa makulli.
Sau biyu na murɗa, in gaya muku tun yanzu,
don a takarda ban rubuta ba.

Da gari ya waye tirakta ta jawo mu.
Man injin ya koma kamar fura da nono,
laka ta kwanta a kujera kamar ta biya kuɗin mota.

A biron asiransi, kusa da babbar kasuwa,
Madam Tsahara ta ɗaga tabarau ta ce:
Malam Tsahiru, tambaya ɗaya ce.
Ruwa ne ya zo wa mota,
ko mota ce ta je wa ruwa?
Na ce, Madam, a hanya suka gamu.
Ta ce babu gurbin wannan a takarda.

Shekara tara ina biya ba fashi,
ko a shekarar da na sayar da ragon layya.
Yau ga ni da hoto goma sha biyu,
da shaidar jandarma, da tampo kan tampo,
ana ce mini dosiye ya tafi Yamai,
sai ka ce Yamai rijiya ce.

Garejin kamfani kuma nasu daban.
Mati, shugaban makanikai, ya buga lissafi:
inji sabo daga Kwatano, waya duka a sake,
miliyan takwas da ƴan kai.
Asiransi suka ce na hannu ya isa.
Kamfani suka ce na hannu ba su ɗaura shi.
Giwa biyu na kokawa,
ni ce ciyawar, har da kuɗin kwanan mota a fili,
jika ɗaya kowace rana.

Sati bakwai sannan eksper ya iso,
siriri, da farar riga da ba ta san baƙin mai ba.
Bai tambaye ni komai ba.
Ya sa aka buɗe inji,
ya ɗago ƙarfe biyu da suka lanƙwashe kamar lauje,
ya dube ni, ya dubi Labo.
Labo ya dubi takalminsa.
Ya ce, ƙarfe ba ya iya rantsuwa, Malam,
amma ba ya mantuwa.

Ranar ce na hau bodi don in ɓoye fuskata,
na tarar da gona.
Buhun da ya fashe, da lakar Gulbi, da ruwan Satumba
sun yi shawara ba da ni ba.
Aya ta tsiro kore shar daga kusurwa zuwa kusurwa.
Mati ya ce a share. Na ce a bar ta,
ita kaɗai ke aiki a kan motar nan.

Kashi ɗaya cikin uku suka biya,
ranar huɗu ga Disamba.
Na cika da gonar Tibiri da na jinginar.
Injin na hannu ne, wani gareji a Zariya ya ɗaura,
yana hayaƙi da safe, amma yana tafiya.

Kafin mu fita muka tone bodi, ni da Labo.
Tiya ɗaya da rabi.
Rabin na aika wa Madam Tsahara a leda,
ban sa takarda ba.
Sauran muna tauna a hanya,
kuma duk ƙoramar da muka iso, ko busasshiya ce,
Labo sai ya daina tauna.