Awon Yatsa

A ɗakina na Mabera, fanka ta mutu tun azahar,
ina koya wa gilashi abin da ko jinjiri ya sani:
akwai dangwale, akwai shafa,
akwai hannun da ya zo wucewa kawai.

Gilashi ba shi da kunne, ba shi da kara.
Abin da ya sani
inda yatsa ya sauka,
da inda ya ɗaga ya bar shi.
Saura lissafi ne, lissafin kuma nawa ne.
Na ɗebe mafari daga ƙarshe:
in ya karkata hagu, shafi ya yi gaba,
in dama, ya koma inda ya fito,
in tsaye ya rinjayi kwance,
mai yatsan gangarawa yake, a ba shi hanya.

Sai na shata iyaka, ɗigo hamsin.
Abin da bai kai hamsin ba tuntuɓe ne.
Kuma a gama cikin rabin daƙiƙa.
Wa ya ba ni hamsin?
Yatsana,
wanda bai taɓa tonon albasa ba,
wanda alƙalami kaɗai ya yi wa kanta.

Shafin kuwa na 'yan albasa ne,
buhu bayan buhu, kowane da kuɗinsa.
Na kai shi Kara ranar Laraba,
rana tana dukan kwano kamar ana bin ta bashi.

Baffa Jabbi, mutumin Wurno,
ya goge hannu a gaban riga, ya karɓa.
Ya ja. Shiru.
Ya sāke ja, a hankali,
kamar mai shafa goshin ɗan maraƙi.
Buhun farko yana nan, yana kallonsa.
"Ke Luba, abin ga naki ba shi jin magana.
Na shahe shi, ya ƙiya.
Ko jakina ya hi shi hankali."

Na duba abin da gilashi ya rubuta a ɓoye:
arba'in da uku.
Daƙiƙa ɗaya da 'yan kai.
Shekara sittin na fadama a kan yatsan nan,
ni kuma na hana shi shiga
saboda ɗigo bakwai.

Hajo mai tattasai tana ja a lanƙwashe kamar lauje,
gilashi ya rasa tsaye ne ko kwance.
Modi ɗan dako, gumi na zuba,
ya taɓa da ɗaya, gilashi ya ƙirga biyu.
Malam Sahabi kuwa
dama ya ja, yana neman gaba,
don haka ake buɗe littattafan da suka raine shi.
Ya dube ni ta saman tabarau:
"Wa ac ce maki gaba can take?"

Ban amsa ba.

Da dare, janareton maƙwabci na tari,
na sauko da hamsin zuwa talatin,
na saki igiyar lokaci.
Sai ga shi a cikin keke, kowane rami na hanyar Arkilla
yana juya mini buhu.
Na hau talatin da takwas.
Na sauka. Na hau.
Ashe babu mudun da ke auna niyya,
sai dai ka zaɓi wanda za ka saɓa wa kaɗan.

Inna ta leƙo, ta ɗora tafi a goshina,
ta san gajiya ce, ba zazzaɓi ba,
ba ta ƙirga komai ba, ta fita.

Laraba ta zagayo.
Baffa Jabbi ya ja, a hankali, yadda ya saba.
Buhu ya kauce, wani ya shigo.
Bai ce madalla ba.
Ya kanne ido, ya karanta kuɗin, ya tsaki:
"Wanga kuɗi ƙarya na."

Na dawo gida da wayar a jaka,
gilashin yana warin albasa.
Ban goge ba.