Tekun Yadi

Shekara goma sha tara ina riƙe da tocila
a ƙofar hagu ta wannan gidan wasa na Landan,
ina yaga tikiti, ina cewa, "Layi na bakwai, a kula da matakala."
Na ga wasan ya fi sau dubu, duk a tsaye,
har gwiwoyina sun haddace inda ake tafi.

Jiya Rosalind mai sayar da askirim ta miƙo mini wayarta:
za a mai da shi fim.
Na ce, "To."
Na zagaya bayan labule, na tsaya a kan tekunmu.

Tekunmu yadi ne, shuɗi, kamu arba'in,
samari huɗu ke kaɗa shi daga gefe,
ɗayansu Fergus, wanda mura ba ta rabuwa da shi.
Faci uku gare shi, na san inda kowanne yake.
Duk da haka na ga ƙattin maza a layin gaba
suna ɗage ƙafa kada ruwa ya taɓa musu takalmi.
Yanzu wai za a kwashi kyamarori a tafi gaɓa
a ɗauko na gaske, mai gishiri, mai kumfa.
Wa zai ɗage ƙafa don tekun da ke bayan allo?

Sai kuma shirun.
Bayan hutun rabin lokaci, in matar mai jirgin fito
ta gane hular da igiyar ruwa ta kawo,
Imelda takan tsaya cak. Ba kiɗa, ba motsi.
Yawanci nakan ƙirga biyar.
Daren da aka binne mahaifinta na kai goma sha ɗaya,
mutum ɗari tara, ko tari babu,
mai goge ya ɗaga hannu ya manta shi a sama.
Sannan muryar ta fito da 'yar tsaga a gefenta,
kuma ta wannan tsagar duk muka shiga.
Wani yaro a ɗakin tace hoto, da kofi a hannu,
zai ga shirun nan kamar rami a titi,
ya cike shi, ya yi hamma.

An ce yarinyar da suka ɗauka kyakkyawa ce, ashirin da uku.
Ban da faɗa da ita.
Imelda ta haura hamsin, kyamara kuwa ba ta rufa wa wuya asiri.
An ce za a cire waƙar tsoho mai ɗinkin koma,
wai ba ta tura labari gaba.
Don ita Mista Pettigrew ke zuwa duk Nuwamba,
ya sayi kujera biyu,
ya shimfiɗa kwat ɗinsa a kan ɗaya.

Rosalind ta ce rowa ce ke damuna.
Ta ce 'yar yayarta na can Hull tana wanke kwanuka,
kuɗin jirgin ƙasa da tikiti sun cinye albashin mako,
ta haddace waƙoƙin kaf daga faifai,
ba ta taɓa ganin ko bakin yadin ba.
Maganar ta tsaya mini a wuya kamar ƙayar kifi,
ban haɗiye ba, ban tofar ba.

In kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya, na sani.
Abin da nake tsoro shi ne yarinyar nan ta gani,
ta yi kuka, ta ce, "Ashe haka yake,"
alhali a nan bai taɓa zama haka sau biyu ba.

Zan je, kada ma a tambaye ni.
Zan sayi tikiti kamar kowa,
wani yaro ya haska mini kujera da tocila.
In an zo wurin hular zan ƙirga a zuci.
In an gama, ban san ko zan tafa ba,
tunda ba wanda zai fito ya rusuna.

Yau dai ƙarfe bakwai da rabi ana buɗe ƙofa.
Fergus na can yana atishawa.