Takalmin Jif

Sau uku jif ɗina tana kafewa
a rairayin hanyar Ɓaure,
maganin dabbobi a baya, makiyaya na jira.
Na ƙarshen, shanun huɗa suka jawo ni,
yara na tafi, ni ina kallon ƙasa.

Na shigo Daura da zafina,
na tsaya rumfar Ilu mai faci:
"Ba ni waɗancan, masu kai mini ƙugu,
masu haƙoran kada."

Ilu bai tashi ba.
Ya zura hannu tsakanin taya da madigadi,
yatsu huɗu, ba ƙari.
"A nan za su zauna?
Ka karya kwana, su ci ƙarfe.
Ka hau kwalta, su sha mai
kamar an huda tanki.
Maleji ya ce sittin, kana saba'in,
birki ya ji kira ya yi kunnen ƙashi."

Na ce, to rairayin fa?

Ya nuna raƙumin kanwa da ke wucewa:
"Dubi tafinsa, bar kallon tsawo.
Ƙara taki ɗaya kan lambarka,
mai faɗi, mai kaurin gefe.
In ka iso yashi, sauka,
rage musu iska su baje."

Na biya huɗu, raina bai so ba.
Manyan na nan jingine da bango,
har yau in na gifta sai na waiga.

Jiya na ratsa Ɓaure ban tsaya ba.
Shanun nan suka ɗago kai,
na danna musu oda.