Ina Za Ta Kwana?

Zaɓe uku ke nan ana yi ba na gida.
Na farko taya ta fashe mini a dajin Mokwa,
na biyu an rufe hanya ina bakin gadar Jebba,
na uku ina kwance ƙarƙashin tirela a Anacha,
ina jin sakamakon Aliero a rediyo
kamar labarin garin wasu.

Albasa ba ta san ranar zaɓe ba.
In ta kai, ta kai.
Buhu ɗari uku a bayana, kowanne da bashi a wuyansa,
in na tsaya jiran layi, ita ruwa za ta fara zubarwa.
Katina na nan a aljihun gaban mota,
tsakanin takardar inshora da tsinken sakace.
Hoton da ke kai ya fi ni ƙuruciya.
Yatsana ya san baƙin mai, bai san tawada ba.

Daren Talata, teburin mai shayi,
Malam Nafi'u ya ce ana shawara:
a bar irinmu mu jefa tun da saura kwanaki,
direba, mai jinya, ɗan sandan da aka tura wata jiha,
har shi kansa, da ake kai wa Sabiyal
ya ƙirga na mutane tun safe har duhu,
ya dawo gida bai jefa tasa ba.
Mai rabon tuwo, in ji shi, ya kwana da yunwa.

Na ji daɗi har na biya masa shayin.

Gwaggo Ige tana gefe tana ɗaure kuɗin ƙosai.
Shekara arba'in tana ajiyar albasa a rudu.
Ba ta ɗago ba ta ce:
"To, ina za ta kwana?
Wa ka riƙon mabuɗi? Wa ka gadin mai gadi?
Ni na zuba ɗari na buɗe na iske saba'in,
kuma ba ɓarawo ya shigo ba, duhu ne kawai da rashin iska.
Balle akwatin da kowa ke so."

Ta ce Nomau, mijinta, shekara bakwai a ƙasa,
an gaya mata an ga sunansa cikin waɗanda suka jefa.
"Ya fi ka ƙoƙari, kai mai rai."
Aka yi dariya. Ita ba ta yi ba.

Sai na tuna ubangidana.
Mota tara, direba tara, yaran mota sha takwas.
In takardar ce za ta biyo mu gida,
a zaurensa za a baje ta,
yana zaune, yana murmushi, yana kallon yatsan kowa.
A rumfar zaɓe ko banza akwai labule.
A zaure, wa zai ce a'a ga mai ba shi makulli?

Duk da haka ina so.
Ba zan ɓoye ba, ina so ƙwarai.
Titin da ke cin tayata wani ne ya sa hannu a kansa,
kuma ba a tambaye ni ba.
A ba ni ranata, in je da ƙafata, in shiga bayan labule,
a ƙirga mu a gaban jama'a, a rubuta a bango,
a garƙame da kwaɗo uku,
ɗaya a ba Gwaggo Ige ta ɗaure a bakin zane.

Alhamis zan yi lodi.
Malam Nafi'u ya ce maganar ba ta nuna ba tukuna.
Na goge katin da gefen riga,
na mayar da shi inda yake,
na leƙa taya, na tada mota.