Daƙiƙa Goma a Gindin Kufena

Shekara talatin ina ce wa mutane, "Kar a motsa,"
a ɗan shagona na Tudun Wada,
fasfo huɗu, farin ƙyalle a baya.
Waya ta zo ta cinye sana'ar.
Yau ga ni a gindin Kufena bayan magariba
ina roƙon sama abin da na saba roƙon mutane.

An ɗauke wuta tun la'asar.
Ban taɓa sa wa masu wutar albarka ba sai yau.
Wusasa ta yi lamo,
janareta ɗaya ne can yake tari.

Bara'atu, 'yar ƙanena, mai karatu a Samaru,
ta rufe bakin tocila da jar leda
don kada idonmu ya manta duhu.
Ƙafa ɗaya ta kyamarar ta gaza,
na tokare ta da dutse.

"Baffa, ga ta can, sama da inda rana ta faɗi."
Ni tabo kawai na gani,
kamar an shafa alli da babban yatsa.

"Dunƙulen ƙanƙara ce da ƙura," in ji ta,
"ta daɗe tana barci a sanyi.
Da ta matso rana sai ta soma tururi,
abin da ya fita, haske da iskar rana su tura shi.
Wutsiyar ba sawunta take bi ba,
rana take gudu.
In ta juya za ta koma, wutsiyar ce a gaba."

Na ce, "Yau na ji jela na jan akuya."
Dariyarta ta girgiza na farko.
Na biyu ɗan acaɓa ya tsaga shi da fitila.
Na uku sauro ne, da marin da na kai wa wuyana.

Na huɗu na riƙe numfashi,
na danna, na janye hannu kamar na taɓa garwashi.
Ɗaya, biyu.
Gyare na ƙirga nasa.
Tara.
Goma.

Muka haɗa kai a kan ɗan gilashin.
Ashe biyu ce:
ɗaya fara, ta tanƙwara kamar lauje,
ɗaya siririya, shuɗi-shuɗi, miƙe sambal,
wadda idona bai isa ya gani ba.
"Farar ƙura ce, Baffa, shuɗiyar iska.
Duk abin da ke sheƙi a nan
daga jikinta yake zubewa."

"Yaushe za ta dawo?"
"Ba a zamanin jikokinmu ba."

A shago, wanda ya ƙifta yakan ce a sake.
Na duba ko'ina a hoton.
Ba ta ƙifta ba.

Muna kan babur, gab da Ƙofar Doka,
aka kawo wuta, yara suka ɗau ihu.
Bara'atu na bayana
rungume da kyamarar
kamar ƙwaryar nono cike fal.